Zanen Mutuwa a Jikin Mutum: Morana ta Silabawa da Tsagar Wabi a Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Akwai kalmomin da ba su da wuyar furtawa amma suke da wuyar fassarawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar nan ta Turanci da muke ji da sunan "tatu". Ɗalibi yakan yi gaggawar fassara ta da "tsaga" ko "zane", alhali kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana da nata muhalli a al'adar Bahaushe. Wannan takarda za ta ɗauki misali guda domin fito da matsalar fili, wato zanen Morana, macen da al'ummun Silabawa na gabashin Turai suke suranta mutuwa da ita. Za a kwatanta shi da alamomin da ake yi wa jiki saboda mutuwa a Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, inda Hausawa suke maƙwabtaka da Tonawa, wato Asantawa. Manufar ita ce ɗalibi ya ga cewa alama iri biyu suna iya zama a fata ɗaya, kan batu ɗaya, amma kowace da aikin da aka ɗora mata. Mai zanen Morana yana so a ga mutuwa. Mai tsagar wabi kuwa so yake kada mutuwa ta gane ɗansa.

2.0 Wace ce Morana?

Silabawa su ne al'ummun da suka haɗa da mutanen Rasha da Yukiren da Folan da Cek da Sulobakiya da Sabiya da Kuroshiya da Bulgeriya da wasunsu. Harsunansu 'yan gida ɗaya ne. A ƙasashensu hunturu yana da tsanani ƙwarai: dusar ƙanƙara takan rufe gonaki wata da watanni, ganye ya zube, rana ta gajarce. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da suka haɗa hunturu da mutuwa a siffa ɗaya, suka kuma ba ta suna. Mutanen Folan suna kiran ta Marzanna, Cekawa suna cewa Morana ko Smrtka, a Sulobakiya Morena, a Yukiren kuwa Marena ko Mara. Masana da yawa suna danganta sunan da wani tsohon saiwar kalma, mer- ko mor-, mai ma'anar mutuwa, wanda kuma shi ne tushen kalmar mors ta Latin.

Tarihin wannan siffa a rubuce ya kai ƙarni na 15. A shekarar 1420, wani taron limaman coci a birnin Poznan ya umarci limamai da su hana jama'a al'adar fita da mutum-mutumin da suke kira "mutuwa" suna jefa shi cikin ruwa. Haka kuma marubucin tarihin Folan, Jan Dlugosz (1415-1480), ya ambaci sunanta cikin gumakan mutanen da, inda ya kwatanta ta da Seres, gunkiyar hatsi ta Rumawa. Duk da hanin coci, al'adar ba ta ɓace ba.

Yadda ake yin ta shi ne, idan hunturu ya zo ƙarshe, sai a ɗaure karan hatsi a yi mutum-mutumi, a sa masa tufafin mata, wani lokaci har da duwatsun wuya da ɗankwali. Yara da 'yan mata su ɗauke shi su zaga gari suna waƙa, su fita da shi bakin kogi, su cinna masa wuta ko su jefa shi ruwa, ko su haɗa duka biyun. Akwai camfin cewa ba a waiwaye idan an juyo, kuma ba a taɓa shi bayan ya faɗa ruwa. A wasu yankuna sukan dawo gari da koren reshen itace da aka yi wa ado, alamar rayuwa ta dawo. A da, ana yin wannan ne a wata ranar Lahadi cikin azumin Kirista na kafin Ista. A Folan ta yau, 'yan makaranta ne suka fi yin sa, ranar 21 ga Maris.

2.1 Morana a matsayin zanen jiki

Zanen Morana a fata sabon abu ne. Kalmar "tatu" kanta ta shiga Turanci ne daga tsibiran tekun Fasifik, bayan da Kyaftin James Cook ya je Tahiti a 1769. Injin zane mai aiki da lantarki kuwa, Samuel O'Reilly ne ya yi masa rajista a New York a 1891. Allurar injin takan shigar da tawada ƙarƙashin fatar sama, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda ba ta goguwa. Wannan ne ya ba da damar zana cikakken hoto mai inuwa da launi, abin da aska ba ta iya yi.

Masu zana Morana a yau sukan fito da mace mai dogon gashi da fuska fara fat, wani lokaci rabin fuskar ƙoƙon kai ne. Sukan ɗora mata kambin busassun furanni ko zangarniyar alkama, su ba ta lauje, su kewaye ta da hankaka da jinjirin wata da dusar ƙanƙara. Laujen yana da tsohon asali. A wata waƙar Folan ta ƙarni na 15, wadda take ba da labarin hirar wani malami mai suna Polikarp da Mutuwa, an siffanta Mutuwa da mace ramammiya mai riƙe da babban lauje. Ma'anar da masu ɗauke da zanen suka fi ba shi ita ce ƙarewar wani zamani da farawar wani, tunda Morana ana nutsar da ita kowace shekara, kuma kowace shekara sai ta dawo.

Ya kamata a lura cewa Silabawa suna da zanen jiki na gargajiya wanda bai shafi Morana ba. Matan Kuroshiyawa 'yan Katolika na Bosniya sun daɗe suna yi wa hannayensu zane da allura da baƙin hayaƙi da zuma ko nono. Masanin nan Ciro Truhelka ya yi rubutu a kansa a shekarun 1890. Abin da suke zanawa shi ne gicciye da da'ira da rassan itace, domin shaidar addini da neman kariya.

3.0 Jinsin kalmar "mutuwa"

Me ya sa Silabawa suka ɗauki mutuwa a matsayin mace? Wani ɓangare na amsar yana cikin nahawu. Kalmar mutuwa tamata ce a harsunansu: smert a Rashanci, smrt a harshen Cek, haka ma a na Folan. A Jamusanci kuwa der Tod namiji ne, kuma masu zanen Jamus sun fi fito da mutuwa a siffar namiji. A Larabci ma maut namiji ne.

Hausa ta bi sahun Silabawa a nan. "Mutuwa" suna ne da aka samo daga aikatau "mutu", yana ƙarewa da wasalin -a, kuma jinsinsa tamata ne. Dubi waɗannan misalai:

(1) Mutuwa ta yi mana yankan ƙauna.
(2) Mutuwa ba ta sallama.
(3) Mutuwa rigar kowa ce.
(4) Barci ƙanin mutuwa ne.

A (1) da (2) an ba mutuwa aikin mutum: tana yanke zumunci, tana shiga gida ba izini. A (4) an ba ta dangi. Wannan shi ne abin da masana adon harshe suke kira mutuntarwa. A (3) kuwa an mai da ita abu, wato riga, wanda ya faɗa cikin abuntarwa. To amma a lura da misali na gaba:

(5) Ajalinsa ya yi kira.

"Ajali" kalmar aro ce daga Larabci, kuma namiji ce. Haka nan Mala'ikan Mutuwa, wanda aka fi sani da Azara'ilu, da lamirin namiji ake ambatonsa. Ke nan Bahaushe yana cewa "ta" ga mutuwa a bakinsa, amma bai taɓa sassaƙa ta ko ya zana ta da siffar mace ba. Jinsin nahawu yana buɗe ƙofar suranta abu. Al'ada da addini ne suke yanke hukuncin ko za a shiga ƙofar.

4.0 Zangon Kumasi

"Zango" a Hausa wuri ne da ayarin fatake yake sauka ya huta. A Gana kalmar ta koma "zongo", ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi a kowane gari. Abin da ya kai Hausawa wannan yanki shi ne fataucin goro: ana ɗauko shi daga dazukan Tonawa, a kai Salaga ta ƙasar Gwanja, daga nan ayari ya nufi Sakkwato da Katsina da Kano. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya ziyarci Kumasi a 1817, ya tarar da malamai da 'yan kasuwa Musulmi a birnin. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa fatake zuwa wasu garuruwa. Bayan da Ingila ta kama Kumasi a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1903, sai baƙi daga arewa suka riƙa kwarara domin ciniki da ƙwadago.

A yau unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Mosi Zongo suna ɗauke da Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da sauransu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Enid Schildkrout ta yi nazarin wannan zama a littafinta People of the Zongo na 1978.

Akwai wani abu game da Hausar Gana da ya shafi batunmu kai tsaye. Ɗaya daga cikin siffofinta da masana suka fi ambata shi ne raunin bambancin jinsi. Mutane da yawa da aka haifa a zango sukan yi amfani da "ne" da "ya" da mahaɗin -n a wuraren da Bakano zai ce "ce" da "ta" da -r. Bisa wannan tsari, jimlar Kananci "mota ce" takan fito "mota ne", haka kuma "mutuwa ta zo" tana iya fitowa "mutuwa ya zo". Harshen Tonawa, wato Tuwi, shi ma ba ya bambance namiji da mace a lamiri. Abin da yake bambancewa shi ne mai rai da marar rai. Don haka tambayar ko mutuwa mace ce ko namiji, wadda take da muhimmanci ga mai zanen Morana, ba ta da wani nauyi a bakin ɗan zango ko Batone.

4.1 Kalmomin zanen jiki

Kafin a shiga maganar wabi, yana da kyau a tantance kalmomi:

Tsaga: yanka fata da aska domin a bar tabo. Akwai ta gado, da ta magani, da ta ado.
Zane: kalma mai faɗi, ta haɗa tsagar fuska da duk wani layi da aka ja.
Aska: sunan kayan aikin ne, amma akan ce "askar Gobirawa" da nufin tsagarsu.
Bille: gajeriyar tsaga guda a karkace kusa da hanci.
Kalangu da 'yar baka: sunayen wasu tsagogi da aka fi yi wa mata domin ado.
Jarfa: ƙananan sare-sare da ake cusa wa baƙi domin su fito da wani fasali mai ɗorewa.
Lalle: ƙunshi ne da yake rina saman fata, ya goge bayan 'yan makonni.

Daga cikin waɗannan, "jarfa" ce ta fi kusa da "tatu", domin dukansu sun dogara ne kan shigar da launi cikin fata. Tsaga kuwa tabo take bari. Mai yin waɗannan ayyuka shi ne wanzami, wanda kuma yake aski da kaciya da ƙaho. Sana'ar ta yi tasiri a Gana har kalmar "wanzam" ta shiga bakin waɗanda ba Hausawa ba da ma'anar mai yin kaciya.

A tsohon zango, fuska takan faɗi asalin mutum kafin ya buɗe baki. Bagobiri da layukansa da suka taso daga gefen baki, Bamoshe da dogayen layukansa da suka kewaye fuska, kowa ana gane shi daga nesa. Tonawa kuwa ba su da tsagar gado. A zamanin daular Asante, fuska mai tsaga alama ce ta ɗan arewa, kuma kalmar odonko tana nufin bawan da aka sayo daga arewa.

4.2 Tsagar wabi

Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana, Bahaushe yakan ce tana wabi. A camfin gargajiya, akwai wani abu da yake bibiyar 'ya'yanta, kuma hanyar tsira ita ce a nuna masa cewa ba a damu da jaririn ba. Daga nan aka sami sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas, waɗanda suke nuna kamar an yar da yaron. Akwai kuma Barmani, wanda roƙo ne kai tsaye. A wasu gidaje akan huda wa ɗa namiji kunne, ko a yi masa tsagar da ba ta gidan ba.

Maƙwabtansu Tonawa suna da irin wannan al'ada. R. S. Rattray ya bayyana ta a littafinsa Religion and Art in Ashanti na 1927. A wurinsu, jariri baƙo ne daga duniyar matattu, kuma ba a raɗa masa suna sai ya kai rana ta takwas. Idan 'ya'yan mace suna ta mutuwa, sai a ɗauka yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Sukan kira irin wannan yaro Bagyina, sunan da yake ɗauke da roƙon ya tsaya. Sukan ba shi suna na ƙasƙanci, kamar Sumina, wato juji, daidai da Ajuji na Hausa. Sukan kira shi Donko, wato bawa, ko Moshi, wato Bamoshe. Sannan su yi masa tsaga irin ta mutanen arewa, su bar gashinsa ba aski. Hikimar ita ce, waɗanda suke jiran sa a can ba za su so yaro mai fuskar bawa ba, ko kuma ba za su gane shi ba.

A nan ne darasin yake. Tsagar da take shaidar gida da asali a zango, ita ce ta zama abin ɓad-da-kama a cikin gari. Batone ya ari fuskar baƙonsa domin ya ɓoye ɗansa. Sunan Donkor, wanda ya samo asali daga wannan al'ada, sananne ne a Gana har yau. Saboda haka idan ɗalibi ya ga tsaga a fuska a Kumasi, bai isa ya yanke hukunci kan asalin mai ita ba, sai ya san dalilin da ya sa aka yi ta.

4.3 Tsanin mutuwa

Tonawa suna da alamar mutuwa da ake gani da ido, amma a tufa suke sa ta. Adinkra wasu alamomi ne da ake sassaƙawa a ɓallin ƙwarya, a tsoma cikin baƙin rini da aka dafa daga ɓawon itace, a buga a yadi. Garin Ntonso da ke arewa da Kumasi ya shahara da wannan sana'a, kuma yadin da Bowdich ya samo a 1817 yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. An fi sanin yadin adinkra da zaman makoki. Ɗaya daga cikin alamominsa ita ce Owuo Atwedee, wato tsanin mutuwa, wadda ta fito daga karin maganar da take cewa tsanin mutuwa ba mutum ɗaya ne yake hawansa ba. Ma'anar ta yi daidai da "mutuwa rigar kowa". Batone ya ce tsani, Bahaushe ya ce riga, dukansu kuwa abubuwa ne marasa fuska.

5.0 Halin da ake ciki a yau

Tsaga tana ja da baya a zango, kamar yadda take ja da baya a ƙasar Hausa. Dalili na farko addini ne. Hadisai a Bukhari da Muslim sun yi hani mai tsanani ga washm, wato jarfa, kuma malamai suna ƙyamar zana siffar mai rai. Wannan ya sa zane irin na Morana ya haɗa abubuwa biyu da Musulmin zango yake gudu. Lalle kuwa ba ya cikin wannan hani, shi ya sa yake nan daram a bukukuwa. Dalili na biyu lafiya ne, domin aska ɗaya a jikin mutane da yawa tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Na uku doka ce: a Nijeriya, sashe na 24 na Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ya hana yi wa yaro tsaga ko jarfa.

Babban abin da ya canza fahimtar wabi shi ne ilimin likitanci. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa sun kashe yara masu yawa, amma cutar da ta fi dacewa da siffar wabi ita ce sikila, domin gadonta ake yi. Idan uwa da uba duk suna da rukunin jini AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Ke nan gida ɗaya yana iya rasa 'ya'ya bi da bi. A 1995 aka fara gwajin jinin jarirai sababbin haihuwa a Kumasi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, da asibitin koyarwa na Komfo Anokye a matsayin cibiya. Sakamakon ya nuna cewa kimanin jarirai 2 cikin 100 suna zuwa da cutar. Yaron da aka gano da wuri yana samun rigakafi da magani, kuma damar rayuwarsa tana ƙaruwa sosai.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga hanyoyi uku na sanya mutuwa cikin alama. Silabawa sun ba ta jiki da suna, suka nutsar da ita a kogi, jikokinsu kuma suka mai da ita hoto a fata. Tonawa sun buga tsaninta a yadin makoki. Hausawa da Tonawa kuma sun tsaga fuskar jariri suka ba shi mummunan suna domin ta wuce shi. Mai fassara da ya kira duka waɗannan "zane" bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da ma'ana. Zanen Morana jarfa ce ta zamani da babba yake zaɓa wa kansa. Tsagar wabi kuwa aikin iyaye ne da suka binne 'ya'ya, suke neman wannan ya tsaya.

Jinga

1. Kawo karin magana biyar da aka mutuntar da mutuwa a cikinsu, ka nuna lamirin da aka yi amfani da shi.
2. Bambance tsakanin tsaga da jarfa da lalle, tare da jimla ɗaya ga kowace.
3. Tambayi dattawan unguwarku sunayen 'ya'yan wabi da suka sani, ka bayyana ginin kowane suna ta fuskar nahawu.